Totur a Ɗaure a Hanyar Kuyello

Shagon dilan babura yana fuskantar kemis ɗin da na yi aiki bayan na gama sakandare. Kwalta ce kawai a tsakaninmu, don haka babu wanda zai ba ni labarin mutumin nan. Na gan shi da safe, na gan shi da rana. Na san yadda yake zama a kan farar kujerar roba da ta bubbuɗe ƙafafu saboda nauyinsa, waya ɗaya a kunne, ɗaya a cinya, tsinken sakace a baki tun kafin ya ci komai. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi sunan kamfanin da yake sayar wa kaya ba. Ba don in rufa masa asiri ba ne. Tsoro nake ji, kuma duk wanda yake zaune a Birnin Gwari ya san abin da yake sa mutum ya haɗiye suna.

A unguwarmu ma ba a kiran mashin ɗin da sunan kamfani. "Irin na Malam" ake cewa, Malam ɗin kuwa Babana ne. Tun kafin a haife ni yake hawan ƙirar, mai baƙin tanki da jan layi a gefe. Shi ya sa Baffana, ƙanensa, ya saya. Shi ya sa mijin Yayata ya saya. Rabin majalisarsu ta ƙofar masallaci a bakinsa suka saya. Idan wani ya yi kuskuren zuwa da wata ƙirar, Baba zai zagaya ta, ya ƙwanƙwasa tankin da yatsa, ya ce, "To, Allah ya sanya alheri," da irin muryar da ake yi wa majinyaci sannu. A kan irinsa yake ɗauko buhun masara daga gona, a kansa ya riƙa kai ni makaranta ina riƙe da bayan rigarsa.

Wannan ƙauna ba haka kawai ta samu ba. Mahaifin dilan nan, tsohon Alhaji, Allah ya jiƙansa, shi ya fara kawo ƙirar garin. Baba ya ce idan ka sayi mashin a hannunsa, ba za a daɗe ba sai ka gan shi a ƙofar gidanka, ya zo jin yadda yake tafiya. Zai tattare babbar riga ya durƙusa, ya kara kunne a jikin inji. Da ya rasu, ɗan ya gaji shago, ya gaji kujera, ya gaji kiran Alhaji. Sauran halin kuwa da tsohon aka binne shi. Kowa ya gane haka, ban da Baba. Shi har yanzu yaron da ya sani yana wasa a cikin kwalayen shago yake gani, ɗan amininsa, wanda ba a ɗaga wa murya.

Bara, bayan an cire masara, Baba ya sayar da tsohon nasa, ya haɗa da abin da gona ta bayar, ya je sayen sabo. Ina kallo daga kemis. Aka fasa kwali a bakin titi, bakaniken shagon ya haɗa shi, aka zuba mai, aka tayar. Baba yana tsaye yana murmushi kamar ranar aurensa. Ledar da ke kan sirdi ma cewa ya yi a bar masa ita.

To, akwai abin da shagon yake yi wa kowane sabon mashin, suna kiransa ɗaure totur. Wani ɗan noti ne a gindin hannun totur. Idan aka ɗaure shi, duk yadda ka murɗa, hannun ba ya wuce rabi, mashin ɗin kuma ba ya wuce tafiyar lallaɓawa. Wai don kada a wahalar da sabon inji kafin ya saki jiki. Sai ka ɗan jima kana hawa a hankali, ka dawo sabis na farko, a juye baƙin mai, a kwance maka. A kan notin sukan ɗiga fenti ruwan ɗorawa. Na kawo wa Baba ruwa a lokacin, a gabana dila ya zare tsinken bakinsa ya nuna ɗigon da shi.

"Malam, ka ga wannan? Ranar da na ga an taɓa shi, babu garanti tsakanina da kai. Ko injin ya rabe biyu kada ka kawo mini."

"Haba Alhaji, wa zai taɓa? Ai na san ƙa'idar nan tun zamanin mahaifinka."

"To madalla."

Ya mayar da tsinken bakinsa, ya koma kan wayarsa. Ko "Allah ya sa a kashe lafiya" bai ce ba.

A zamanin mahaifinsa dabara ce mai kyau, ban musa ba. Lokacin mutum yana iya tafiyarsa a hankali, ya tsaya gindin ɗorawa ya yi salla, ya sha fura a rugar da ke bakin hanya. Yanzu fa? Wanda ba ɗan nan ba, bari in gaya masa yadda ake fita. Idan za ka ƙauyukan wajen Kuyello, ba ka tashi ka kama hanya kai kaɗai. Ana taruwa a bakin gari da hantsi, a jira har mutanen can ɓangaren su fara shigowa. A tambaye su, "Yaya hanya?" Idan suka ce lafiya, sai a tashi gaba ɗaya a ayari, kuma ba a jiran kowa. Ba mugunta ba ce, kowa ya yarda da hakan. Akwai wani yanki da daji ya matso hanya ta hagu da dama, gonakin da aka daina nomawa duk sun koma sunƙuru. A nan ko hularka ta faɗi ba ka waiwayawa. Gudu ake yi, gudu na gaske. A irin wannan ƙasa mutum yake sayar maka da mashin ya ɗaure masa ƙafa, sannan ya riƙe mabuɗin kwancewar a aljihunsa.

Lokacin sabis ya yi, Baba ya kai mashin. Aka ce bakanike ya tafi ta'aziyya. Ya koma, aka ce baƙin man kamfani ya ƙare, ana jiran a kawo daga Kaduna. Baba ya ce to a kwance totur ɗin kawai, man ya biyo baya. Dila ya ce ba a kwance totur sai an juye mai, ba a kuma juye mai sai na kamfani. Ya sake komawa, an kawo man, amma wai spanar da ake kwance notin tana hannun wani. Spana! A shagon da ake haɗa mashin tun daga taya har madubi.

Akwai wani benci a gefen shagon, inda inuwar rumfa ba ta kaiwa. Nan ake ajiye irin su Baba. Ina miƙa wa mutane maganin zazzaɓi ina hango shi, ya ɗora hannuwa a gwiwa, hularsa ta jiƙe da gumi, yana gaida duk wanda ya wuce. Mutumin da ya cika wa shagon nan aljihu da 'yan'uwansa da abokansa. Idan ya ɗan miƙe ya matso, dila zai ɗaga masa tafin hannu ba tare da ya dube shi ba, yana ci gaba da dariya a waya. Baba sai ya koma ya zauna.

Amma kada a ce mutumin nan bai iya tarbar baƙi ba. Ya iya. Akwai masu zuwa da ba sa taya kaya, ba sa tambayar garanti, ba sa neman lamba. Mutum ɗaya zai zo ya nuna kwalaye da haɓa, a jere masa mashina kamar zai buɗe nasa shagon. Su kam da gudu dila yake tashi daga kujerar nan, har tana bin ɗuwawunsa. A aiko kemis ɗinmu a karɓi lemo mai sanyi daga firij. A shigar da su ciki inda fanka take. Bakaniken da ya tafi ta'aziyya sai ga shi ya dawo, spanar da ta ɓata sai ga ta a hannunsa. Ban ce na san inda mashinan suke zuwa ba. Mai kemis ɗinmu, wata dattijuwa da ta daɗe a aikin asibiti, idan ta ga ina kallo sai ta ce, "Ke, ido a kan kanta." In mayar da idona kan kanta.

Baffa ya gaji da ganin abin. Wata rana da yamma ya zo gida ya tarar da Baba yana goge tanki.

"Yaya, ka ba ni shi in kai wa mai gyaran bayan tasha. Kafin ka gama alwala ya kwance."

"Fentin fa?"

"Fentin banza! A ɗiga wani mana. Ko ƙwai aka fasa ai ruwan ɗorawa ne."

"Na ce wa yaron nan ba zan taɓa ba."

"Yaron da ya shanya ka a benci kamar barkono?"

"Aiki ne ya yi masa yawa. Ubansa bai taɓa cutata ba."

"Ubansa yana kabari, Yaya."

Baba ya ci gaba da goge tankinsa. Inna tana tankaɗe a gefe ta ce, "Ka bar shi, ai da mashin ɗin da shagon duk surukansa ne." Aka yi dariya har da shi.

Ana cikin haka Yayata da ke aure a wani ƙauye wajen Kuyello ta haihu, mace. Da labari ya zo Baffa ya ɗauki Inna suka wuce, aka bar ni da Baba mu taho ranar suna, saboda mai kemis ba ta da wanda zai tsaya mata. Na haɗa kayan barka a jaka: rigunan jarirai, 'yar hula da safa, sabulu, yajin jego da Inna ta daka ta manta. Ana gobe suna Baba ya sake komawa benci tun safe. Har azahar yana nan. A ranar kuwa bakanike yana nan, spana tana nan, mai yana nan, ga jarkarsa ina gani. Mashinan wani baƙo ake haɗawa.

Ban san lokacin da na tsallaka titi ba.

"Ina wuni, Alhaji."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "A'a, 'yan matan kemis. Mashin za a saya ne, ko mijin ne zai saya?"

"Alhaji, gobe za mu bi hanyar Kuyello, ni da Baba. Don Allah a kwance masa notin nan. Sabis ɗin ma ya jira."

"Iye! Har kin san noti?" Ya juya wajen bakanike. "Ka ji fa, likita ta zo koya mana aiki."

"Ka san hanyar, Alhaji. Ka san ba a tafiya a hankali."

"To ni na haifi hanyar? Kin ga aiki a gabansa, masu kaya suna jira. Ku dawo jibi. Tsoho da yarinya ina za ku da gudu? Ku tafi a sannu, ya fi lafiya."

Ya yi dariya, cikinsa yana rawa a cikin shadda. Baba ya taso daga benci ya kama hannuna ya ja ni gefe. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci da ni irin na ranar ba.

"Wa ya aike ki? A gaban mutane za ki tsaya kina ja-in-ja da babba? Koma bakin aikinki."

"Baba, a kai bayan tasha."

"Na ce ki koma."

Ya juya ya ba dila haƙuri. Shi ya ba shi haƙuri! Na tsallaka titi na koma kemis.

Washegari da hantsi muna bakin gari. Mutane da yawa, masu buhuna, masu mata da yara, wani da akuya ɗaure a kariyar mashin. Da suka ga Baba sai tsokana ta tashi.

"Malam, a leda! Yau sai dai mu hango ƙeyarka."

"Ka dai tausaya mana, ka jira mu a gaba."

Baba yana murmushi yana cewa, "Sai a hankali, sabo ne." Bai gaya wa kowa a ɗaure yake ba. Yaya zai faɗa? Shi da ya yi shekaru yana yi wa mashinan mutane sannu, ya ce nasa ba ya gudu? Ni ma ban faɗa ba, tun da jiya aka ce in rufe baki. Masu shigowa suka iso, aka ce yaya hanya, suka ce lafiya lau. Aka tashi.

Da farko ba a gane ba, saboda ramuka sun hana kowa sauri. Da aka wuce gonakin da ake nomawa, hanya ta miƙe, sai na ji injuna sun canza murya gaba ɗaya. Suka fara wuce mu. Mai buhuna ya wuce. Mai mata biyu ya wuce. Mai akuya ya wuce, akuyar tana kallona. Wani abokin Baba ya ɗan rage gudu ya yi masa alama da hannu, me ya faru? Baba ya yi masa alamar ya je. Ya tafi. Ban ga laifinsa ba. Ƙarar ayari ta yi ta raguwa har ta ɓace, ya rage daga mu sai ciyawa da ta fi mutum tsawo, da ƙarar injinmu, lafiyayye, mai daɗin ji, yana tafiya kamar mai zuwa zance.

"Baba, ka ƙara."

"Iyakarsa ke nan. Yi addu'a."

Ina jin kafaɗarsa tana motsi, yana murɗa hannun da ba ya murɗuwa. Na rungume jakar kayan barka, na karanta duk abin da na iya, na sake karantawa.

Sai na ji ayari a bayanmu. Wallahi har na yi hamdala, na zaci wasu ne suka makara. Muryar injin iri ɗaya ce da tamu, ita na sani tun ina goye. Na waiwaya. Daga wata 'yar hanya suke fitowa, baƙin tanki, jan layi, babu lamba. Mutum uku a kan wannan, huɗu a kan wancan, bindigogi a tsaye kamar karan dawa.

"Baba!"

"Na gani."

Ba su ma yi wahalar bin mu ba. Ɗaya ya zo daidai da mu ya jera, kamar abokin tafiya, yana kallonmu yana dariya. Rawani ya rufe masa rabin fuska, amma dariyar tana idonsa. Ya ɗan yi gaba, ya dawo. Wasa yake yi. Baba ya taka birki.

Abin da ya biyo baya guntu-guntu nake tuna shi. Ƙasa a bakina. Takalmin roba a kusa da fuskata. Ƙarar gindin bindiga a kan Baba, da yadda hularsa ta gangara cikin ciyawa. Yana cewa, "Ku ɗauka, ku ɗauka, ku bar yarinya." An karɓe wayoyinmu. Wani ya zazzage jakata, ya ɗaga 'yar hular jaririya a kan yatsa yana juya ta, ya jefar, ya sa sabulu da yaji a aljihu.

Wanda ya jera da mu ya hau mashin ɗin Baba. Ya tayar, ya murɗa, ya sake murɗawa.

"Kai tsoho, wannan mashin ne ko jaki?"

Ya sunkuya ya duba gindin hannun. Ya ga fentin. Sai ya fashe da dariya, ya kira ɗan'uwansa ya nuna masa. Ya zaro wuƙa daga ƙugu, ya sa bakinta a notin, ya juya. Shi ke nan. Ko numfashi ban sauke ba ya gama. Ya murɗa totur, injin ya yi wani irin ruri da ban taɓa jin ya yi ba, tsuntsaye suka tashi daga bishiya.

"Ba a kwance maka ba? Namu a kwance ake ba mu."

Ya fizge ledar sirdin ya yar.

Sannan aka dube ni. Ban ɗaga kai ba, amma mutum yana sanin an dube shi.

"Wannan fa?"

Suka tsaya lissafi, ina jin su. Sun yi wa mashinansu yawa, akwai kuma wani a cikinsu da ƙafarsa take naɗe da tsumma, jini ya rine shi. Aka sauko da shi aka ɗora a na Baba, wani ya hau bayansa ya riƙe shi, aka ɗaura jarka a kariya. Wanda ya tambaya ya sake tambaya.

"Babu wuri," in ji mai wuƙar. "Bar ta. Wata rana."

Suka tafi. Na Baba ne a gaba.

Wannan shi ne abin da ya cece ni, ba wayona ba, ba roƙon Baba ba. Allah ya sa sirdi ya cika. Mutane suna ce mini in gode wa Allah, kuma ina godewa, amma babu wanda ya gaya mini yadda ake zama da sanin cewa tazarar da ke tsakanina da daji ba ta wuce faɗin mazaunin mutum ɗaya ba.

Na ja Baba cikin ciyawa, na yage gefen mayafina na ɗaure masa kai. Muka kwanta a nan, tururuwa suna bin mu ba mu motsa ba, har rana ta karkata muka ji ayarin masu komawa gari. Ko su sai da Baba ya leƙa ya gane fuska kafin muka fito. Suna kuwa an yi shi babu mu. An ce Inna ta yi ta fita bakin hanya tana dawowa, ragon ma ba ta ci ba.

Da kumburin ya sauka, Baba ya ce zai je shago. Ni na wanke masa ciwon a kemis na sa sabon bandeji, sannan na bi bayansa, bai kuma hana ni ba. Akwai mutane a benci, masu jiran sabis, har da wani maƙwabcinmu. Dila ya ga bandejin, ya sauke waya ɗaya, ya bar ɗayar a kunne.

"Ashsha, Malam, na ji abin da ya faru. Allah ya mayar da alheri. Ai da ka matsa da an kwance maka. Kai ma ka cika kawaici."

Ka cika kawaici. Mutumin da ya shanya dattijo a rana, shi ne yake ganin laifin dattijon da bai yi masa rashin kunya ba. Na dubi bakinsa, da tsinken, da ɗan maiƙon da ke gefen leɓensa, na rasa yadda aka yi tsohon da Baba yake yabo ya haifi wannan.

Bai gama ba. "Garanti kuma ka san bai shafi sata ba. Amma kaya suna hanya. Zan ajiye maka ɗaya, kai namu ne."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Na zaci zai sake cewa madalla.

"Ba sabis na zo ba, Alhaji. Na zo in gaya maka kada ka wahalar da bakanikenka. An kwance mini. A daji. Ba su ma sa ni zaman benci ba."

Dila ya fara dariya, ya ga babu mai taya shi, ya bari. Mutanen benci suka sunkuyar da kai. Maƙwabcinmu ya tashi ya tura mashin ɗinsa ya nufi bayan tasha, a gaban idon kowa. Ɗaya maganar, wadda mai wuƙa ya faɗa kan yadda ake ba su nasu, Baba bai maimaita ta a wurin ba, ni ma ban maimaita ba. A gida ma da murya ƙasa-ƙasa aka faɗe ta, bayan an rufe ƙofa.

Ban ce Baba ya daina son ƙirar a ranar ba. Ya jima yana kare ta. "Inji ba shi da laifi," yake cewa, "kin ji yadda ya amsa da aka sake shi?" Har da ɗan alfahari a muryarsa, abin ya ba ni haushi ya ba ni tausayi. Na ce, "Na ji, Baba. A ƙarƙashin wa ya amsa?" Ni ban ga bambanci tsakanin injin da mai sayar da shi ba. Kamfanin yana can yana aiko da kalanda da hulunan talla, hoton wani yana gudu a kan titi mai santsi. Ko sau ɗaya wani nasu bai zo ya ga bencin nan ba. Wanda suka ba amanar sunansu shi muka sani, shi ne fuskarsu a garin nan, kuma fuskar da tsinke a baki take.

A hankali abin ya zame. Baffa ya sayar da nasa. Wani ango ya zo neman shawara kamar yadda aka saba, sai Baba ya kwatanta masa wani ƙaramin shago a ɗaya ƙarshen gari. A majalisa aka daina cewa "irin na Malam." Masu shi suna nan da yawa, ba a zubar da mashin don haushi, amma wanda nasa ya tsufa ba ya komawa can. Dila kam bai rame ba, kada in yi ƙarya. Masu nuna kwali da haɓa sun ishe shi. Yana nan a kujerarsa.

Ni ce na bar wurin. Duk lokacin da aka haɗa sabo a tsallaken titi aka murɗa shi don gwaji, sai abin da ke hannuna ya faɗi. Na fasa kwalbar maganin tari, na zubar da ƙwayoyi a ƙasa. Wata rana mai kemis ta same ni a durƙushe bayan kanta, na toshe kunnuwa, ga mai saye a tsaye yana sallama. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in je gida in huta, wurina yana nan. Ban koma ba.

Da aka sake cire amfanin gona Baba ya sayi wani, wata ƙirar dabam, kore, mummuna, mai ƙara kamar injin niƙa. Irin wanda da yake ƙwanƙwasa wa tanki. Kafin ya karɓa sai da ya sa mai shagon ya hau, ya murɗe shi har ƙarshe a kan kwalta, ya je ya dawo. Ya kawo shi gida, bai ce yana da kyau ba, bai ce ba shi da kyau ba. Ya ce, "Shirya, gobe mu je ki ga 'yarki."

Na shirya. Na sayi wata 'yar hula, babba kaɗan, tun da kan ya girma. Muka je bakin gari da hantsi, aka jira, masu shigowa suka ce hanya lafiya lau. Mutane suka fara tayar da injuna, kuma fiye da rabinsu baƙin tanki ne da jan layi. Muryar ta taso mini ta ko'ina. Ƙafafuna suka sauka da kansu. Na tsaya a gefen hanya.

Baba ya dube ni. Ayari ya fara motsi, kuma ba a jiran kowa.

"Kawo jakar," ya ce. "Koma gida. Zan gaishe su."

Na miƙa masa. Ya shiga tsakiyarsu, na ga koren tankin yana tafiya daidai da kowa har suka sha kwana. Na tako zuwa gida a ƙasa, ta bayan layi, don kada in bi ta gaban shagon. Na zauna a zaure da wayar Inna a hannu, ban cire mayafi ba, sai da ya kira ya ce sun isa.

Ya ce hular ta yi mata daidai. Ya ce ta fara rarrafe, tana da wushirya irin tawa tun haƙoran ba su gama fitowa ba. Ni dai ban gan ta ba tukuna.